Malamar Turanci a Garin da Ba a Jin Turanci: Sharhi a kan Villette na Charlotte Brontë

Daren farko da Lucy Snowe ta kwana a makarantar Madam Beck, barcinta bai yi nisa ba ta farka ta ga mai makarantar tsaye a kanta da kyandir a hannu. Lucy ta yi likimo kamar mai barci. Madam ta ƙare mata kallo, ta ɗauki tufafinta ta duba su ɗaya bayan ɗaya, ta zazzage aljihu, ta ƙirga 'yan kuɗin da ke cikin jakarta, sannan ta kwashi makullanta ta fita da su ta danna a jikin kakin zuma domin a ƙera mata irinsu. Ta dawo ta mayar da kome inda yake, ta ninke tufafin tsaf, ta fice ba ko ƙarar takalmi.

Da irin wannan maraba aka karɓi tauraruwar Villette, ƙagaggen labarin da Charlotte Brontë ta fitar a watan Janairun 1853 da sunan aro na Currer Bell. Masu karatu a wajenmu sun fi sanin marubuciyar da Jane Eyre, kuma in an ambaci Villette akan ce ai labarin soyayya ne mai ƙarshe maras daɗi. Akwai soyayya a ciki, har guda biyu. Amma da muka sake bin babi 42 ɗin nan daga farko, abin da ya tsaya mana a rai shi ne halin mutumin da ya tafi ci-rani da haja guda ɗaya tak, wato harshen da ya sha a nono. Ya wuni yana sayar da shi a aji, dare ya yi ya rasa wanda zai yi hira da shi da harshen. A ganinmu littafin ya kama wannan hali da kyau ƙwarai, ya kuma nuna, wani lokaci da sanin marubuciyar wani lokaci ba da saninta ba, yadda kaɗaicin baƙo kan wasa masa ido ya dakushe masa adalci.

Charlotte ba jiyau ba ce a wannan batu. A watan Fabrairun 1842 ita da ƙanwarta Emily suka bar ƙauyen Haworth a arewacin Ingila, inda mahaifinsu yake limamin coci, suka tafi Burasel, babban birnin Beljiyam. Nufinsu su ƙware a Faransanci su dawo gida su buɗe makarantar 'yan mata tasu. Suka shiga makarantar kwana ta Madam Heger, wadda mijinta Constantin Heger yake koyar da adabi. Rasuwar yayar mahaifiyarsu ta dawo da su gida kafin ƙarshen shekarar. Emily ta ce ta gama da Beljiyam. Charlotte ta koma ita kaɗai a Janairun 1843, wannan karon a matsayin malamar Turanci a kan albashin fam 16 a shekara, kuma shekara guda ta iya daurewa. Daga wannan zama ta fara rubuta The Professor, labarin wani namiji malamin Turanci a Burasel, wanda masu ɗab'i suka yi ta ƙi, bai fito ba sai 1857 bayan ta rasu. Villette karo na biyu ne da ta taɓa miki ɗaya. Kafin ta rubuta shi ta binne ƙaninta Branwell da Emily da Anne cikin wata tara kacal, tsakanin Satumbar 1848 da Mayun 1849. Mai karatu zai ji sanyin waɗannan kaburbura a cikin littafin, ko da yake Lucy ba ta taɓa gaya mana abin da ya cinye danginta ba.

Lucy ta bar Landan da abin da bai wuce fam 15 ba, ba ta jin Faransanci, ba ta da takardar shaida. Ta isa birnin Villette da dare ana ruwa, akwatinta ya ɓace a hanya, wasu maza biyu suka bi ta a titi har ta ɓata, ta tsinci kanta a ƙofar Madam Beck. Aka ɗauke ta aikin renon yara a daren. A nan marubuciyar ta saka wani ɗan labari da akan karanta a yi dariya a wuce, alhali a cikinsa zuciyar sana'ar take. Matar da Lucy ta gada, wadda 'yan gidan ke kira Madam Svini, 'yar Ayalan ce mashayiya da ta ce ita 'yar Ingila ce ta asali, kuma karin harshenta shi ne Turanci tsantsa. Ba wanda ya iya ƙaryata ta, domin ba mai jin Turancin da zai auna. Abin da ya riƙe mata aiki shi ne wani mayafi mai tsada da take yafawa. Madam Beck ba ilmi take saye ba. Tana sayen abin da za ta faɗa wa iyayen yara, cewa akwai Baturiyar Ingila a gidan. Lucy ta fi Svini gaskiya nesa ba kusa ba, amma da sifar da aka ɗauki Svini aka ɗauke ta. Wanda ya taɓa ganin yadda makarantu masu zaman kansu ke tallan malamin da "ya sha Turanci a nono", a ƙasashen da ake rububin koyon harshen a yau, zai gane cewa kasuwar ba ta canja ba.

Babin da Lucy ta fara shiga aji yana cikin mafi kyawun abin da muka karanta a kan koyarwa. Malamin Turanci bai zo ba, Madam ta tura ta gaban 'yan mata kusan 60 waɗanda sun riga sun saba korar malamai. Matsalarta ba ilmi ba ce. Faransancinta bai kai ta yi tsawa da shi ba, Turancin da za ta iya yanka mutum da shi kuwa ba mai ji. Malamar harshe ce da aka ɗaure wa harshe. Sai ta koma ga abin da ba ya bukatar fassara: ta ɗauki rubutun shugabar masu tsiwa ta karanta shi da ƙarfi, ta yage shi biyu a gaban kowa. Wata mai suna Dolores ta ci gaba da hayaniya, Lucy ta ingiza ta cikin ɗan ɗakin ajiye littattafai ta kulle ta jefa makulli a aljihu. Ajin ya yi tsit. Madam, wadda ke leƙe ta wata kafa tun farko, ta ba ta aikin. Brontë ta rubuta wurin a matsayin nasara, mu ma mun ji daɗinsa a karatun farko. A karatu na biyu sai muka lura cewa daga wannan rana har ƙarshen littafi ba mu ga Lucy tana murnar wata ɗaliba ta gane wani abu ba. Ajin fagen daga ne a wurinta, kuma da wannan ido ta ci gaba da kallonsa.

Beljiyam ƙasar sanyi ce, littafin cike yake da iska da ruwa da dusar ƙanƙara. Amma sanyin da Brontë ta fi damuwa da shi yana cikin sunan tauraruwarta. Snowe daga kalmar dusar ƙanƙara yake. A rubutun hannu ta taɓa sauya shi zuwa Frost, wato raɓar da ta daskare, daga baya ta rubuta wa kamfanin ɗab'inta a 1852 ta ce a mayar da na farko, domin lalle sunan sanyi take so. Lucy mace ce mai wuta a ciki wadda ta koyi cewa mai neman abinci a gidan wani ba ya nuna wuta. Kowa a littafin yana ganin ta daban: wannan ya ce mai ilmi ce, wancan ya ce inuwa ce maras cutarwa, wata ɗaliba 'yar Ingila, Ginevra Fanshawe, ta yi ta tambayar ta ko ita wace ce. Ba ta gyara wa kowa. Wannan ɓoye kai kariya ce, kuma ita ce ta kusa kashe ta.

Abin ya fashe a dogon hutu. Makaranta ta watse na mako takwas, malamai sun tafi gidajensu, Madam ta bi 'ya'yanta zuwa bakin teku. Aka bar Lucy da mai dafa abinci da wata ɗaliba mai larurar ƙwaƙwalwa wadda kishiyar uwarta ta ƙi karɓar ta. Duk wanda ya yi makarantar kwana ya san yadda ɗakin kwana yake in an kwashe katifu. Brontë ta tsaya a nan ta ƙi sauri. Lucy ta yi ta yawo a bayan gari ba inda za ta, barci ya ƙaurace mata, jerin gadajen da ba kowa ya fara rikiɗa a idonta. Wata ranar hadari ta tashi da zazzaɓi ta shiga cocin Katolika, ita da take 'yar Furotesta mai ƙyamar Katolika, ta durƙusa a wurin da ake furta zunubi gaban fada. Ba ta da zunubin da za ta faɗa. Kunne take nema. Wannan ya faru da Charlotte kanta: a farkon Satumbar 1843 ta shiga babban cocin Sainte-Gudule ta yi haka, ta rubuta wa Emily labarin ta ce kada a gaya wa mahaifinsu. Ba mu san wani wuri a adabin wancan zamani da ya kwatanta abin da yanzu likitoci ke kira ciwon damuwa da irin wannan rashin kunya ba. Kuma dalilin ciwon a fili yake, an bar mutum makonni ba wanda ya tambaye shi ya ya kwana.

Sai batun wasiƙa. Dakta John, likita ɗan Ingila da ke zuwa makarantar, ya yi mata alkawarin zai riƙa rubuto mata, ya kuwa rubuto biyar. Wasiƙu ne na kirki, irin na mutumin da ke da abokai da yawa. Ita kuwa ta ɗauki ta farko ta hau da ita can saman soro don ta karanta ba mai gani, kamar mayunwacin da ya sami nama. Da suka yanke, ta yi mako bakwai tana sauraren ƙararrawar mai kawo wasiƙa. Ta kamanta kanta da ƙananan dabbobin ƙasar sanyi da ke shiga rami su dunƙule har hunturu ya wuce, mu a nan da gaiwa za mu kamanta ta, wadda ke binne kanta a taɓo tana jiran damina. A ƙarshe ta zuba wasiƙun a kwalba, aka liƙe bakin, ta binne a gindin wata tsohuwar bishiya a lambun makaranta. Mai karanta wannan sharhi a waya, wanda ya taɓa buɗe saƙo sau goma ya ga an karanta ba a amsa ba, ba ya bukatar mu yi masa bayanin babin.

Zuwa nan muna tare da Lucy. Inda muka rabu da ita shi ne yadda take kallon masu masaukinta. Dubi sunayen da marubuciyar ta raɗa. Ƙasar ita ce Labassecour, wato filin bayan gida inda kaji da agwagi ke kiwo. Birnin Villette ne, ɗan ƙaramin gari. Tashar jirgin ruwa Boue-Marine, taɓon teku. Yariman ƙasar, wani ɗan yaro da Lucy ta gani jingine da mahaifiyarsa a wajen wani taron kiɗa, an ba shi sarautar Dindonneau, ɗan tsakon talotalo. (Yarima mai jiran gado na gaske a Burasel a shekarun nan shi ne wanda ya girma ya zama Leopold na Biyu, ya mallaki Kwango daga 1885 zuwa 1908. Ashe ba tsako ba ne.) Ɗalibanta a bakinta masu ƙiba ne, malalata, maƙaryata, kuma laifin na addininsu ne. Yarinya mai larurar da aka bar mata a hutu, wadda ita ma yasar da ita aka yi kamar Lucy, an kwatanta ta da kalmomin da suka fi dacewa da dabba. Ba sau ɗaya Lucy ta tsaya ta tambayi kanta yadda take a idon yarinya 'yar shekara 14 da aka ce ta koyi harshen wata ƙasa daga bakin baƙuwar da ba ta murmushi ba. Baƙo idonsa sabo ne, yana ganin abin da 'yan gari suka daina gani, shi ya sa bayaninta a kan leƙen asirin Madam Beck yake da kaifi. Amma baƙon da ba ya hira da kowa yakan ɗauki mutum uku ya yanke wa ƙasa guda hukunci.

Shin Brontë ta san tauraruwarta ba amintacciyar shaida ba ce? Wani ɓangare ta sani. Lucy ta gane tun da wuri cewa Dakta John shi ne Graham Bretton, ɗan uwar ɗakinta da suka zauna gida ɗaya suna yara, amma ta ɓoye mana har babi da yawa suka wuce, sannan ta faɗa kamar ba kome. Wannan ba kuskuren zubi ba ne, gargaɗi ne: mai ba ku labarin nan tana da abin da take riƙewa. Haka nan tana zagin Madam da leƙe, ita ma aikinta ke nan, daga bayan ƙofa, daga cikin madubi, daga inuwar bishiya. A waɗannan wurare marubuciyar tana tsaye nesa da Lucy tana kallon ta. A kan 'yan Beljiyam da Katolika kuwa ba mu ga wannan tazara ba. Wasiƙun da Charlotte ta aiko gida daga Burasel suna ɗauke da raini iri ɗaya. A nan murya ɗaya ce, kuma aibi ne a littafin, ba ado ba.

Abin da ya ceci labarin daga wannan rami shi ne Paul Emanuel, malamin adabi, gajere, baƙin gashi, mai saurin fushi, ɗan Katolika na gaske, wanda Turancinsa bai wuce 'yan kalmomi ba. Yana buɗe mata tebur ba izini ya bar littattafai masu warin taba, ya taɓa kulle ta a saman soro da kyankyasai don ta haddace rawar da za ta taka a wasan kwaikwayo, yana yi mata faɗa a kan jar riga. A yau da yawa daga cikin halayensa za mu kira su danniya, kuma ba mu ga dalilin wanke shi ba. Sai dai a lura da yadda marubuciyar ta raba harsunan. Dakta John yana magana da Lucy da harshen uwarta, cikin ladabi, bai taɓa ganin ta ba. Wanda ya gan ta, ya ce akwai wuta a ƙarƙashin ƙanƙarar, da Faransanci ya gan ta, kuma da Faransanci ta koyi mayar masa da magana. Ranar da baƙo ya iya yin faɗa da harshen gari, ya fara zama ɗan gari. Brontë ta bar Faransanci da yawa a littafin ba fassara, abin da ke ba masu karatu haushi tun 1853. Mu muna ganin dabara ce mai kyau, domin tana ɗanɗana wa mai karatu abin da Lucy ta sha. Masu karatunmu na Maraɗi da Damagaram za su bi hirarrakin nan cikin sauƙi, na Kano da Zariya kuwa sai sun nemi bugun da ke da fassara a baya.

Harriet Martineau, marubuciya kuma ƙawar Charlotte, ta soki littafin da ya fito, ta ce matan cikinsa ba su da tunani sai na soyayya. Sukar ta raba su. Muna ganin Martineau ta tsallake shafukan lissafi. Lucy tana tara kuɗi, ta ƙudura cewa in ta haɗa faran 1,000 za ta kama gida mai babban ɗaki guda ta sa benci ta fara da ɗaliban jeka-ka-dawo. Kyautar da Paul ya ba ta a ƙarshe ba zobe ba ce, makaranta ce ƙarama da ya kama mata haya, da takardun talla ɗauke da sunanta a matsayin shugaba, kuma ita za ta ci gaba da biyan hayar da guminta. Charlotte da ƙannenta sun buga irin waɗannan takardu a Haworth a 1844, ko ɗaliba ɗaya ba ta zo ba. Ta ba Lucy abin da ita ta rasa.

Ba kome ne ya yi daidai a zubin ba. Fatalwar sistar coci da ke ta bayyana a makarantar ta ƙare a matsayin saurayin Ginevra da ya yi shigar burtu, kuma haɗuwar bazata ta yi yawa, kai ka ce mutanen Ingila shida ne a duniya kuma duk sun taru a Villette. Akwai kuma shirun da ya fi damun mu. An tura Paul tsibirin Gwadalup na shekara uku ya kula da wata gona mai kawo dukiya ga wata tsohuwa. Faransa ba ta kawo ƙarshen bauta a tsibirin dungurungum ba sai 1848. Littafin da ya ƙirga kowane numfashin Baturiya ɗaya a ɗakin kwana bai tambayi su wa ke noma gonar ba.

Ƙarshen ya shahara. Mahaifin Charlotte ya roƙe ta ta aurar da su, ita kuwa ta riga ta ga mutuwar Paul a ranta. Sai ta yi tsaka-tsaki: jirginsa yana hanyar dawowa, guguwa ta taso ta kwana bakwai tana farfasa jirage a Tekun Atalantika, sannan Lucy ta dakata ta ce wanda ke son ya yi zaton an hadu an yi aure ta bar shi da zatonsa. Mu da muka saba da littattafan soyayya masu rufewa da ɗaurin aure ko suna za mu ji kamar an fizge mana kwano muna cikin ci. Amma Lucy ta riga ta shaida mana wani abu mai ban mamaki, cewa shekaru ukun da Paul ba ya nan su ne mafi daɗi a rayuwarta. Makarantarta na bunƙasa, kuma kowane jirgi ya zo da wasiƙa.

Ita Charlotte ba ta sami ko wannan ba. Bayan ta koma Haworth ta yi ta rubuta wa Constantin Heger, wanda a 1843 ita ce ke koya masa Turanci. Amsoshinsa suka ja baya, suka tsaya. Wasiƙunta huɗu sun tsira, na 1844 da 1845, kuma da Faransanci malamar Turancin ta rubuta su, ban da 'yan layuka a ƙarshen ta ƙarshe. Uku daga ciki an yayyage su an jefar, Madam Heger ta tsince gutsattsarin ta haɗa, wasu da zare wasu da takarda mai danƙo, ta ajiye. 'Ya'yansu ne suka miƙa su ga gidan tarihi na Birtaniya a 1913, shekara 58 bayan rasuwar Charlotte. A gefen ɗaya daga cikinsu akwai rubutun Heger da fensir, inda ya rubuta suna da adireshin wani mai gyaran takalmi.